Kwarin Aljanu na Madina: wa ke tura motar?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon da kuke gani, in ba a turo muku shi a WhatsApp ba, to an turo muku ɗan'uwansa. Kosta ce cike da alhazai. Direba ya cire giya, ya ɗaga ƙafarsa sama yadda kowa zai gani, mota kuwa sai ƙara wuta take yi. Allura ta wuce 60, ta wuce 80. Ku saurari bayan motar. Kabbara ce ke tashi, wata Hajiya tana ta salati, wani Alhaji yana rantsuwa da Allah tudu ake hawa.

Tun da aka buɗe Umarar bana tambaya ɗaya ake ta aiko mana daga Kano, Zariya, Maraɗi har Damagaram: ku da kuke zaune a Madina, da gaske ne aljanu ke tura mota a wurin nan? To mun je muku. Ga hanyar nan.

Wurin yana arewa maso yamma da gari, tafiyar kusan kilomita 30. Mutanen Madina Baida suke ce masa, kuma a wurinsu wurin shan iska ne. Ranar Juma'a da yamma ku zo ku ga iyalai sun baje darduma, ana gasa nama, ana zuba gahawa, yara suna ta ƙura da baburan nan masu taya huɗu. Ba wanda ke waiwaye. Direbobin ziyara da baƙi ne suka fi kiransa Wadil Jinni, kuma a bakinsu sunan ya zaga duniya.

Kafin wani ya ruga wurin sharhi ya rubuta cewa mun ƙaryata aljanu, ya tsaya. Akwai aljanu. Sura guda ce da sunansu a Alƙur'ani, ta 72. An halicce su daga harshen wuta, suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. A Sahihu Muslim, a hadisin Abu Sa'idil Khudri, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a Madina akwai aljanun da suka musulunta. Wannan duk ba abin ja ba ne. Tambayarmu ƙarama ce: motar nan, me ke tafiyar da ita?

Sai masu cewa su sun waye, ba aljanu ba ne, maganaɗisu ne a cikin dutse. Waɗannan ba za su ci mana lokaci ba. Ga makullan motata a tafin hannu. Sun tashi? Ga agogo, ga waya, ga cokalin shayi. Mayen ƙarfen da zai ja mota mai nauyin kilo 1,500 daga nesa, ai da tuni ya fizge waɗannan, ya haɗa da allurar da ke jikin mayafin Hajiya. Gaskiya ne Madina tana da baƙaƙen duwatsun aman wuta, har a shekarar 654 ta Hijira, wato 1256, wuta ta ɓarke a kusa da gari. Irin waɗannan duwatsu sukan ɗan karkatar da allurar kamfas in ka kusanta ta da su sosai. Iyakarsu ke nan.

Yanzu ku gyara zama, don a nan kowa ke zamewa.

Mai cewa aljanu da mai cewa maganaɗisu, duk sun yarda da abu ɗaya ba tare da sun auna ba: wai motar tudu take hawa. Daga nan suka fara gardama a kan wa ke tura ta. Ba wanda ya koma baya ya ce, tsaya, wa ma ya ce tudu ne? Ido ne ya ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a kwarin nan bai san ta ba.

[Hoton hanyar daga tsakiyar titi, ana kallon wajen fita]

Ku kalla da kyau. Ni ma da nake tsaye a nan hawa nake gani. Ba ƙarya alhazan nan suke yi ba, abin da suka gani suke faɗa.

Abin da ke faruwa shi ne, babu lebur irin na magina a cikin idon ɗan Adam. Ƙwaƙwalwa aro take yi. In tana son sanin ina ne miƙe, ina ne karkace, sai ta nemi inda sama ta haɗu da ƙasa can nesa. In ba ta samu ba, ta nemi bango, ta nemi turken lantarki, ta nemi doguwar bishiya mai tsayuwa sak. A fili irin na ƙasar Hausa, ko a cikin gari, waɗannan ba sa yankewa, shi ya sa ba mu taɓa lura muna dogara da su ba.

To ku juya da ni. Gabas dutse. Yamma dutse. Gaba dutse, baya dutse. Ina sama ta haɗu da ƙasa? Babu, duwatsu sun rufe. Gini fa? Babu. Bishiyoyin ƙayar nan kuwa kowace da inda ta sunkuya. Ƙwaƙwalwa ta rasa abin kamawa, sai ta kama mafi faɗin abin da ke gabanta, wato shimfiɗar kwarin kansa da gindin duwatsu, ta ce wannan shi ne lebur ɗina. Matsalar ita ce shi ma kwarin a karkace yake.

[Takarda da biro]

Bari in zana muku, da alƙaluman misali. Wannan layin ƙasar da ke gefen titi ce, a ce tana sauka mita 5 a kowace mita 100. Wannan kuma titin ne, shi ma sauka yake, amma mita 2 kawai. Duka biyun gangara suke yi. Yanzu in juya takardar a hankali har layin farko ya kwanta daidai, kamar yadda ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi. Ku dubi titin. Ya ɗaga kai. Ban taɓa shi ba, ban sāke zana shi ba, ma'aunin da ake gwada shi da shi ne kawai ya karkace.

In mayar da takardar yadda take. Gangare. In sāke juyawa. Tudu. Wanda bai kama ba ya mayar da bidiyon baya kaɗan, babu kunya, don duk maganar yau a kan wannan takardar take.

A shekarar 2003 wasu masana a Italiya, ƙarƙashin wata malamar jami'ar Padua mai suna Paola Bressan, sun ƙera ƙananan hanyoyi a kan teburi suka sa mutane suna leƙawa. Da an ɓoye musu mahaɗar sama da ƙasa, ko an sa musu ta ƙarya, ko an haɗa ɗan gangare da wani da ya fi shi tsanani, sai su ce ƙaramin gangaren hawa ne. A ɗaki, a kan teburi, ba dutse ba daji.

Wani zai ce, to jikina fa, ai zan ji in ina gangarawa. Akwai ma'aunin daidaito a can cikin kunne, haka ne, shi ke hana mu faɗuwa. Amma saukar mita 2 a cikin 100 ba ta wuce digiri ɗaya da 'yan kai ba. Santimita 2 ke nan a kowace mita. Kana zaune a kujera mai laushi, mota tana jijjiga, ana kabbara a kunnenka, ba za ka ji wannan ba. Ku tambayi mai kurar ruwa a unguwarku. Layin da ku masu tafiya a ƙafa za ku rantse shimfiɗe yake, shi ya san inda kura ke tafiya da kanta da inda sai ya danna da ƙirji. Taya ta fi ido sanin ƙasa.

Kuma taya ba ta buƙatar abu mai yawa. A kan kwalta mai kyau, ƙarfin da ya kai kashi 1 zuwa 1 da rabi cikin 100 na nauyin mota ya isa ya ci gaba da mirgina ta. Shi ya sa mutum ɗaya ke iya tura ƙaramar mota in ta mutu a titi. Ke nan da gangare ya kai mita 2 a cikin 100, an gama, mota za ta tafi.

Gudun fa? Ai shi ya fi firgita mutane, har ana cewa wasu sun ga 120. Tsawon hanyar ne. Ɗan gangaren da ba ya ƙarewa, kowace daƙiƙa yana ƙara mata kaɗan, har sai iskar da take karo da ita ta yi daidai da abin da ke janta. In ka yi lissafi da ƙaramar mota a gangaren mita 3 cikin 100, sai ta doshi kilomita 90 a awa kafin ta daina ƙarawa. In ya fi haka tsanani, ta fi haka. Kuma mota cike da mutane ta fi wadda ba kowa gudu a irin wannan hanya. Ni dai ban taɓa jin mai turin da kaya ke ƙara masa sauri ba.

[Ana zuba ruwa a kan kwalta]

Ga abin da ya fi ba ni dariya. Wannan shi ne babban gwajin direbobin ziyara. A tsaya, a buɗe gora, a zuba ruwa, ruwa ya bi inda ido ya ce tudu ne, sai a ce to kun gani, har ruwa hawa yake. A ajiye gorar robar, ita ma ta mirgina can.

Malam, ai shaidar da ka kawo ce ta kwance maka zani a kasuwa. Maganaɗisu ba ya jan ruwa, ba ya jan roba, don haka wannan maganar ta mutu a nan take. Ruwa kuwa tun da aka halicce shi gangare yake bi. Duk maginin da zai yi kwata da ruwa yake gane inda ƙasa ta fi sauka. In ruwa ya ce can ne ƙasa, ido ya ce can ne sama, wa za a bi? A gidanka ruwan kake bi. Me ya sa a nan ka bi ido?

Mun zo da tiyo irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, fari mai nuna ciki. Mun cika shi da ruwa, ɗan'uwana ya riƙe baki ɗaya a nan, ni na ja ɗayan zuwa can wajen da ake cewa sama. Ruwan da ke baki biyun nan dole tsayinsa ya zama ɗaya, wannan ba ruwansa da abin da ido ke gani. Sai mu auna daga saman ruwan zuwa kwalta. Ga nasa. Ga nawa. Ba zan faɗa ba, ku karanta tef ɗin da kanku. A gefena ruwan ya fi nisa da kwalta, ma'ana ƙasar da nake tsaye a kai ta fi tasa sauka. Wanda ba shi da tiyo ya buɗe Google Earth ya bi titin da yatsa, ya dubi lambar tsayin ƙasa tana raguwa.

Akwai kuma abin da ba a taɓa ɗauka a bidiyo ba: hanyar shiga. Kowa waya a aljihu, ana hira, ana cin dabino. A lokacin nan direba yana kan totur, inji yana aiki, ana hawa a hankali kilomita bayan kilomita ba wanda ya sani. Sai an kai ciki an juyo, sannan a ce jama'a ku fito da wayoyinku. Man da aka ƙona a shiga shi ake mora a fita. Ku ce wa direba ya cire giya tun kuna fuskantar ciki. Ga shi mun yi. Ta rage gudu, ta tsaya, ga ta tana komawa da baya.

Na ji wata dattijuwa a mota tana cewa, Allah sarki, har ƙarfe ma begen Madina yake, shi ya sa duk motar da aka saki can take nufa. Wallahi maganar ta yi mini daɗi, ban kuma ce mata komai ba. Amma Hajiya, in kina kallo, mafitar kwarin ce ta wannan ɓangaren, nan ruwan sama ma yake bi in ya sauka. Abin da kike nema kuwa yana nan ingantacce ba sai an ƙirƙira ba. Dutsen Uhudu da kuka ziyarta, Annabi ya ce yana sonmu muna sonsa. Kututturen dabinon da yake jingina da shi yana huɗuba ya yi kuka da aka yi mumbari. Waɗannan suna cikin Bukhari. Wannan kwarin kuwa, babu hadisi ingantacce da ya ce mazaunin aljanu ne.

Irin wannan hanya tana ko'ina, sai dai kowa da wanda yake ɗora wa. A Moncton ta ƙasar Kanada maganaɗisu suka ce, har kuɗin shiga ake biya. A Ladakh ta Indiya ma maganaɗisu suka ce. A Sikotilan akwai wadda suka ɗora wa lantarki, da aka auna sai aka ga gangaren mita 1 ne a cikin 86. A Kenya akwai ta Kituluni kusa da Machakos. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu dodanni ne.

Ta Amurka ce ta fi ban tausayi. A San Antonio ta jihar Texas akwai wata mahaɗar titi da layin dogo, ana cewa jirgin ƙasa ya taɓa banke motar 'yan makaranta a wurin, to fatalwar yaran ce ke tura duk motar da ta tsaya don kada jirgi ya banke ta. A da mutane har hoda suke barbaɗawa a bayan mota su ga sawun yatsu. Suna kuwa gani, sawun hannunsu ne da na 'ya'yansu da suka taɓa but. Da aka bincika, hatsarin da ake magana ya faru ne a 1938 kusa da Salt Lake City, a jihar Utah, wata jiha daban can nesa. Titin kuma da aka auna, gangare ne.

Tunda fatalwa ta shigo, bari in taɓa ta, don mukan cakuɗa ta da aljani. A labaranmu na gida fatalwa mamaci ne da ya dawo. Wannan kam Alƙur'ani ya rufe ƙofarsa. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, mai mutuwa yana roƙon a mayar da shi, aka ce a'a, a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya ma suna da tasu, suna cewa wanda aka kashe yakan zama tsuntsu yana kuka a kan kabarinsa sai an ɗaukar masa fansa, hadisi ya zo ya kore ta.

[Dare, fitilar mota kawai]

Hoton nan ba zai nuna muku komai ba, sai ku saurara.

Ba zan yi muku cika baki ba. In dare ya yi a nan, iyalai suka naɗe dardumarsu, aka kashe inji, tsikar jiki tana tashi. Shirun yana da nauyi. Iska in ta ratsa tsakanin duwatsu tana wata ƙara kamar ana magana a nesa. In wani ya yi dariya a can ƙarshen kwarin, sai ta dawo maka ta bayanka. Raƙumi, duk girmansa, tafiyarsa ba ta da sauti, sai dai ka juya ka ga abu dogo tsaye. Idon yanyawa a hasken fitila jawur ko kore. Yanzu ka haɗa wannan da mutumin da tun a masauki aka gaya masa sunan wurin da za shi.

Wani abokin aikinmu direba ya rantse mini ya ji an ce masa ya tashi ya bar wurin. Ban ƙaryata shi ba, ban kasance tare da shi ba. Na dai lura labaran dare a nan da na gida uwa ɗaya uba ɗaya suke: mace mai fararen kaya a bakin hanya, fasinjar da aka duba ƙafarta aka ga kofato, kiran suna daga gindin tsamiya. Kuma kusan kullum wani ne ya gaya wa wani. Abin da ya faru da mutum shi kaɗai a duhu ba ni da tef ɗin auna shi. Titin ne nake da tef ɗinsa, shi kuma mun auna.

Ga mai jin tsoro a irin wannan wuri, akwai abin da ya dace da shi sosai a cikin Suratul Jinni kanta, aya ta 6. Malaman tafsiri sun ce Balarabe a jahiliyya in dare ya riske shi a wani kwari, sai ya ɗaga murya ya ce yana neman tsarin shugaban wannan kwarin daga wawayen mutanensa. Ayar ta ce hakan bai ƙara musu komai ba sai wahala da ɗimuwa. Abin da aka ba mu a madadinsa yana cikin hadisin Khaulatu bintu Hakim: wanda ya sauka a wani masauki ya ce a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, babu abin da zai cuce shi har ya tashi. A Baida, a tasha, a ɗakin otal, duk ɗaya.

Abin da ni ke ba ni tsoro a hanyar nan da rana tsaka yake faruwa. Wasu direbobin don abin ya ƙayatar har inji suke kashewa. Don Allah kada ku yarda. Inji in ya mutu, birki taku ɗaya ko biyu zai ba ka da taushi, daga nan ya ƙanƙare. Sitiyari ya yi nauyi, in kuma an murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa gaba ɗaya. Ka tuna mota tana kan 90, da mutum ashirin da wani abu a ciki, ga masu tsayawa tsakiyar titi suna zuba ruwa, ga raƙuma. In direba ya kai hannu kan makulli, Alhaji, kai ne babba a motar, ka yi magana. Cire giyar ma kaɗai ya isa a ga abin da aka zo gani, shi ma a inda titi ya miƙe ba kowa a gaba.

Sannan a san ba ya cikin wuraren da ake ziyarta don lada. Waɗancan su ne Masallacin Annabi, Ƙuba, Baƙi'a da shahidan Uhudu. Nan yawon buɗe ido ne, kuma ya cancanci zuwa, duwatsun kaɗai sun isa kallo. Ku daidaita kuɗin mota tun kafin ku hau, zuwa da dawowa, kada a bari sai an je can a ce akwai ƙari. Bayan La'asar ya fi daɗi, rana ta yi sanyi. Ku dai riƙa duban agogo, tafiyar ta fi rabin awa in akwai cunkoso a bakin gari, kuma sahun Magariba a Harami ba ya jiran kowa.